Manhaja ɗaya, kwamfutoci iri uku: tambayoyi da amsoshi kan harhaɗa buɗaɗɗiyar manhaja a Windows da Linux da macOS

Mu kaɗan ne a nan Kaduna muke kula da wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja ta lissafin sakamakon jarrabawa, wadda wasu makarantu a Tudun Wada da Rigasa da Kawo suke aiki da ita. Kwamfutocin makarantun duk Windows ke kansu. Mu masu rubutun kuwa akasarinmu Linux muke so, mutum ɗaya ne a cikinmu yake da Mac. Daga wannan rabuwar ne muka koyi kusan duk abin da ke ƙasa. Tambayoyin na matasan da ke zuwa zamanmu na ranar Asabar ne, wasu ɗaliban Kaduna Polytechnic, wasu na Jami'ar Jihar Kaduna, wasu kuma a waya suka koyi rubuta kod. Na tattara waɗanda suka fi dawowa.

Malam, tunda kod ɗin a buɗe yake kowa na gani, me ya hana in sauke shi kawai ya kama aiki?

Abin da aka buɗe maka bayanin girki ne, ba dafaffen abinci ba. Kod rubutu ne da mutum ke iya karantawa. Kafin masarrafar kwamfuta ta gane shi, sai wata manhaja da ake kira kompaila ta juya shi zuwa harshen na'ura, ta haɗa shi da laburarori, wato tarin kod da wasu suka riga suka rubuta kake aron aikinsu. Wannan juyawa da haɗawa shi muke cewa harhaɗawa.

To, murhun kowa daban. Fayil ɗin da Windows ke kunnawa tsarinsa PE ne, shi ne mai ƙarewa da .exe. Na Linux ELF ne, na macOS kuma Mach-O. Ba wanda ke karanta na wani kai tsaye. Yadda manhaja ke roƙon babbar manhajar kwamfuta, wato Windows ko Linux ko macOS, ta buɗe mata fayil, ko ta zana taga a fuskar kwamfuta, ko ta fitar da sauti, shi ma kowace da hanyarta. Linux da macOS suna da ɗan kusanci domin dukansu sun bi tafarkin Unix, wanda aka faro a Bell Labs ta Amurka a 1969. Windows daga wani gida ta fito daban.

Amma wallahi a kwamfutata yana aiki lafiya lau. Ta yaya zai ƙi a ta wani?

Na yarda da kai, kuma wannan ita ce maganar da na fi ji a shekarun nan. Sai dai shaidar da ka bayar a kan kwamfutarka kaɗai ta tsaya.

Duk wanda ke rubuta kod yana cusa zato a ciki ba tare da ya sani ba. Ya zaci akwai folda mai suna kaza a wuri kaza, domin a tasa akwai. Ya zaci laburaren da ya girka watanni shida da suka wuce, har ya manta, kowa yana da shi. Ya zaci lamba iri kaza tana cin wuri kaza a ƙwaƙwalwa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta a fili, don haka ba ya ganinsu idan ya karanta aikinsa. Sai ranar da kod ɗin ya sauka a baƙuwar kwamfuta suke fitowa ɗaya bayan ɗaya. A ganina aikin sa manhaja ta yi tafiya a ko'ina ba wani abu ba ne illa farautar waɗannan zace-zacen tun da wuri, kafin malamin makaranta ya gano maka su ana gobe rabon sakamako.

Me ya sa sunan fayil kawai yake jawo wannan rigima haka?

Abubuwa huɗu ne a nan, kuma dukansu sun taɓa kama mu.

Na farko alamar da ke raba folda da folda. Windows tana amfani da sanda mai jingina baya, \, tana kuma fara hanya da harafin faifai kamar C:. Linux da macOS suna amfani da /, kuma ba su san harafin faifai ba. Wanda ya haɗa hanyar fayil da hannunsa ya ɗaure kod ɗinsa a gida ɗaya. Yawancin yarukan kod suna da kayan aikin da ke yi maka wannan: pathlib a Python, std::filesystem a C++ tun daga C++17.

Na biyu shi ya fi ɓata rai. A Linux, Dalibai.h da dalibai.h fayiloli biyu ne mabambanta. A Windows da macOS, yadda suke zuwa daga kamfani, abu ɗaya ne. Wani ɗan'uwanmu ya taɓa sa wa fayil suna da babban harafi, ya kira shi a cikin kod da ƙarami. A Windows ɗinsa komai ya tafi daidai. Da muka jawo aikin a Linux sai kompaila ta ce babu fayil ɗin, alhali ga shi muna kallo. Mun kai La'asar muna neman abin da harafi ɗaya ya ɓoye. Tun daga ranar muka yanke cewa duk sunan fayil ɗin kod ƙananan haruffa ne, babu tazara.

Na uku, akwai sunayen da Windows ta keɓe tun zamanin DOS, babbar manhajar da ta riga ta: CON, PRN, AUX, NUL, COM1, LPT1 da 'yan'uwansu. Mai Linux zai ƙirƙiri aux.c hankalinsa kwance, mai Windows kuma Git, manhajar da ke adana tarihin kod da raba shi tsakanin masu aiki, ya ƙi sauke masa aikin. Na huɗu tsohuwar iyakar Windows ta haruffa 260 a tsawon hanyar fayil. Tun Windows 10 ta 2016 ana iya ɗage ta, amma sai an kunna, kuma ba kowace manhaja ce ta san an ɗage ba. Idan aikin yana da folda cikin folda da yawa, ajiye shi kusa da tushen faifai, kamar C:\aiki.

Ƙari a kan haka, Windows ba ta cika yarda ka goge ko ka sauya sunan fayil ɗin da wata manhaja ta buɗe ba, Linux kuwa ba ruwanta.

Git ya nuna min kowane layi a fayil ya canja, ni kuwa ban taɓa komai ba.

Ƙarshen layi ne. A tafireta ta da, idan ka gama layi abu biyu kake yi: ka mayar da kan na'urar farko, ka kuma murɗa takarda ta hau. Windows ta riƙe alamomin biyu, CR da LF. Linux da macOS LF kaɗai suke sawa. Ido ba ya ganinsu, Git yana gani. Idan kuma rubutun umarni na bash, mai karɓar umarni a Linux, ya ratsa ta Windows ya kwaso CR, Linux za ta ce ba ta san mai fassara shi ba, ka ga ^M a jikin saƙon. Maganin shi ne fayil mai suna .gitattributes a tushen aikin, wanda zai faɗi irin ƙarshen layin kowane nau'in fayil. Kada a bar wa saitin kowane mutum.

Sunayen ɗalibai masu ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa a hargitse a Windows. Laifin wa?

Wannan tambayar ta fi kowace taɓa ni, don haka zan daɗe a kanta.

Mun taɓa fitar da sakamakon wani aji, muka gwada a Linux, sunaye suka fito tsaf. Aka kai makaranta aka buɗe a Excel, sai Ɗanjuma ya koma ÆŠanjuma, duk inda ƙ take aka ga Æ™, duk inda ɗ take aka ga É—. Shugabar makarantar ta kira ni ta ce, "Malam, yaran nan da sunan da iyayensu suka raɗa musu za su karɓi takarda, ko da wannan?" Gaskiyarta, kuma gyaran a wuyanmu yake.

Ga abin da ya faru. Haruffanmu masu lanƙwasa suna cikin Unicode, kundin haruffan harsunan duniya, kowanne da lambarsa: ƙ ita ce U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, sai ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, U+01B4. A tsarin UTF-8, wanda Linux da macOS da kusan duk intanet ke bi, kowanne cikinsu bait biyu yake ci (bait ƙaramin ma'auni ne na bayanai a kwamfuta). Windows kuwa tana da tsohon tsari mai suna Windows-1252, na harsunan yammacin Turai, mai bait ɗaya ga kowane harafi, kuma babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa sam. Idan manhaja ta karanta rubutun UTF-8 da idon 1252, sai ta raba bait biyun nan ta ba kowanne harafinsa. Daga nan Æ da ™ suka fito.

Tarkon shi ne sau da yawa ba kai ka zaɓi 1252 ba, zaɓa maka aka yi. Python ta daɗe tana bin tsarin da babbar manhajar ta saba da shi idan ka buɗe fayil ba ka faɗi tsarin haruffa ba: UTF-8 a Linux, 1252 a Windows ɗin da muke samu a nan. Layi ɗaya, sakamako biyu. Ka riƙa rubuta encoding="utf-8" duk lokacin da za ka buɗe fayil ɗin rubutu. Idan CSV ne da za a buɗe a Excel, yi amfani da utf-8-sig, wanda ke sa wata 'yar alama a farkon fayil ɗin don Excel ta gane.

Masu C da C++ nasu ya fi zurfi. Cikin Windows UTF-16 ne, kuma yawancin ayyukanta suna da ƙofa biyu, mai ƙarewa da A da mai ƙarewa da W. Ta W ce ke karɓar Unicode cikakke. Fayil mai suna ƙarshen_zango.txt zai iya ƙin buɗuwa da fopen a Windows alhali yana buɗuwa a Linux. Nau'in wchar_t ma bait 2 ne a Windows, 4 a Linux da macOS. Sannan toupper ta C ba za ta mayar maka da ƙ zuwa Ƙ ba, domin bait ɗaya-ɗaya take kallo. Don irin wannan ake jingina da laburare kamar ICU, ko abin da Qt ke bayarwa.

Akwai kuma waƙafin sama na 'ya'ya da 'yan. Sa wa folda suna 'Yan aji uku, ka ga yadda rubutun umarnin da ba a killace sunaye a cikinsa da kyau ba zai watse, saboda waƙafin da kuma tazarar. Wani lokaci kuma komai daidai yake, fon ɗin, wato salon zanen haruffa, ne ba shi da harafin, sai ka ga akwati a gurbin ɗ. Saboda haka muke haɗa fon mai ɗauke da haruffanmu a cikin manhajar, ba ma dogara da abin da ke kan kwamfutar makaranta.

Abin da nake so matasanmu su gane shi ne, mai rubuta manhaja a Jamus ko Amurka ba mugunta ce ta sa bai gwada ƙ ba, bai san da ita ba ne. Idan mu ba mu sa sunan Ƙasimu da Ɗanladi cikin gwaje-gwajen manhajojin da muke amfani da su ba, babu mai sa mana.

Kompaila ba kompaila ba ce? C ai C ne.

A takarda haka ne. A aikace manya uku ne: GCC ta aikin GNU da Richard Stallman ya faro a 1983, Clang wadda Apple ke amfani da ita, da MSVC ta Microsoft. Kowace tana da ƙarin da ta yi wa yaren, da abin da take kau da kai a kansa wanda wata za ta ƙi. A Mac ma idan ka rubuta gcc, Clang ce ke amsawa da sunan.

Misalin da ya fi cin mutane shi ne long. A Linux da macOS masu bit 64, bait 8 ne. A Windows mai bit 64, bait 4 ne, wato ba ya wuce biliyan 2 da miliyan 147 da 'yan kai. Ka ce makaranta tana lissafin kuɗi da kwabo: naira miliyan 22 ta riga ta haura wannan iyaka. A Linux jimilla ta fito daidai, a Windows ta fito da lambar banza, kuma babu wani saƙon kuskure da zai faɗakar da kai. Irin wannan ya fi wanda ke hana harhaɗawa haɗari nesa ba kusa ba. Yi amfani da int64_t, wanda girmansa ɗaya ne a ko'ina.

Sai abubuwan da babu su kwata-kwata. Windows ba ta da fork, MSVC ba ta da unistd.h. Wajen sauraren haɗin intanet masu yawa a lokaci guda, Linux tana da epoll, macOS kqueue, Windows IOCP. Laburare irin libuv, wanda Node.js ke tsaye a kansa, an yi shi ne don ya rufe wannan rami. Shawarata: tara duk kod ɗin da ya keɓanta da wata babbar manhaja a fayiloli kaɗan, kada ka watsa #ifdef, umarnin da ke ware kod ɗin kowace babbar manhaja, a ko'ina kamar an barbaɗa gishiri.

To in girka WSL mana, shi ke nan.

WSL, wadda ta zo a 2016, Linux ce a cikin Windows. Abin da ka harhaɗa a cikinta na Linux ne, ba zai kunnu a kwamfutar makarantar da ba ta da WSL ba. Idan .exe kake so da kayan aikin GNU, MSYS2 da MinGW-w64 za ka nema.

CMake, Make, Meson, Autotools: wanne zan koya?

Dukansu kayan tsara aikin harhaɗawa ne. Make tun 1976 take, kuma har yau tana nan da sharaɗinta na cewa layin umarni da Tab zai fara, ba tazara ba. Autotools ta dace da dangin Unix, amma tana wahalar da mai MSVC. CMake, wadda kamfanin Kitware ya fara a wajajen 2000, ba ita ke harhaɗawa da kanta ba: kai ka bayyana mata aikin sau ɗaya, ita ta rubuta wa kowace kwamfuta umarnin da ya dace da ita. Rubutunta ba shi da daɗin karatu, ban ɓoye maka ba, amma ita za ka fi tararwa a ayyukan C da C++, don haka da ita nake cewa a fara. Haɗa ta da Ninja don sauri. Meson ta fi tsabta, kuma ayyukan GNOME sun koma kanta.

An ce in girka wani laburare, na neme shi da sunan ban same shi ba.

A nan mafi yawan sababbi suke sarewa. Ɗauki laburaren OpenSSL: a Ubuntu da Debian sunansa libssl-dev, a Fedora openssl-devel, alhali duk nau'o'in Linux ne, abu ɗaya suna biyu. A Mac yawanci Homebrew, rumbun sauke manhajoji da laburarori, ake bi. Windows ta daɗe ba ta da rumbu na bai ɗaya na laburarorin masu rubuta kod, kowa da hannu yake saukewa ya nuna wa kompaila inda ya ajiye, kafin vcpkg ta Microsoft ta fito a 2016, ga kuma Conan. Ko ka samu laburaren, sigar da ke Ubuntu ɗinka tana iya girmar wadda Homebrew ke bayarwa da shekara biyu, kuma a tsakanin an sauya sunan wani aiki.

Darasin da muka ɗauka shi ne rage aro. Kowane laburare da ka ƙara, ka ƙara wa kanka aiki sau uku. Wanda ya zama dole kuma a rubuta sigarsa a fili.

Ita Linux ai ɗaya ce, ko?

Ƙwayar, wato zuciyar Linux, da Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991 ɗaya ce, amma abin da aka lulluɓe ta da shi ya bambanta. Babban tarko glibc ne, laburaren da kusan kowace manhajar Linux ke jingina da shi. Abin da aka harhaɗa a tsohuwar siga yana aiki a sabuwa, amma na sabuwa ba ya komawa baya: sai ka ga saƙo cewa ba a samu GLIBC_2.34 ba. Saboda haka wanda za ka raba wa jama'a, harhaɗa shi a mafi tsufar Linux da kake son tallafawa. Alpine, wata nau'in Linux, ma ba glibc take amfani da shi ba, musl ne. Ga .deb ga .rpm wajen ƙunshe manhaja, ga X11 ga Wayland wajen zana taga. AppImage da Flatpak da Snap duk ƙoƙari ne na ƙunshe manhaja da kayanta wuri guda, kuma kowanne yana ƙara nauyin abin da za a sauke.

Ba ni da Mac, ba ni da kuɗin sayenta. Zan iya fitar da manhaja ta macOS?

Za ka iya harhaɗawa, gwadawa ce matsalar. Lasisin Apple bai yarda a kunna macOS a kan na'urar da ba tasu ba. GitHub Actions tana ba buɗaɗɗun ayyuka aron kwamfutocin Windows da Linux da Mac kyauta, su harhaɗa kod ɗinka duk lokacin da ka tura gyara. Wannan ya isa ya gaya maka ko ya harhaɗu, amma ba zai gaya maka ko maɓallin da ke taga ya fito a karkace ba.

Ka kuma san cewa Mac iri biyu ce yanzu. Tun Nuwamba 2020 da M1 ta fito, Apple ta bar masarrafar Intel ta koma tata mai tsarin ARM. Homebrew a /usr/local take zama a tsofaffin, a /opt/homebrew a sababbin. Bash ɗin da ke zuwa da macOS siga ta 3.2 ce, tsohuwa ƙwarai, kuma sed ɗinta, umarnin sauya rubutu, na BSD ne, wani reshen Unix, wanda -i ɗinsa ba ya aiki irin na GNU. Daga ƙarshe akwai kuɗi: don macOS ta buɗe manhajarka ba tare da ta tsorata mai amfani ba, sai ka sa mata hannu ka tura wa Apple ta tantance, kuma rajistar hakan dala 99 ce kowace shekara. Ga wanda ke aikin sa kai da naira a aljihu, ba ƙaramin abu ba ne. Windows ma tana nuna gargaɗin SmartScreen ga .exe da ba a sa wa hannu ba.

Idan na bar C na koma Python ko Java ko Go, na huta?

Ka rage, ba ka huta ba. Java tun 1995 take da alƙawarin rubutu ɗaya ya yi aiki a ko'ina, kuma ta cika kaso mai yawa, amma sunan fayil da ƙarshen layi suna nan suna jiranka. Go tana da daɗi ƙwarai: daga Linux ka saita GOOS da GOARCH ka fitar da .exe, muddin ba ka jawo kod ɗin C ciki ba. Python kuwa manyan laburarorinta da yawa C ne a ƙasa, ranar da pip, mai girka mata laburarori, bai samu wanda aka riga aka harhaɗa wa kwamfutarka ba zai ce ka kawo kompaila.

Ga wani ƙaramin misali na gida. A Linux da macOS lokacinmu sunansa Africa/Lagos. Windows ba ta ajiye wannan kundin sunaye yadda Python ke nema, nata sunan W. Central Africa Standard Time. Kod ɗin da ya kira Africa/Lagos ta zoneinfo zai faɗi a Windows sai ka ƙara tzdata.

Electron kuma yana ɗauke maka wahalar taga gaba ɗaya, domin burauzar Chromium sukutum yake ƙunsawa cikin manhajarka. Kafin ka zaɓe shi, tuna da kwamfutar da za ta kunna shi. Waɗanda muke tararwa a ofisoshin makarantu na hannu ne, masu ƙwaƙwalwa gigabait 4 ko ƙasa.

Makarantar da nake wa aiki Windows 7 suke da ita har yanzu.

Ba su kaɗai ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairu 2020, kuma kayan aiki sun bi sahu: Python 3.8 ce ta ƙarshe da ke hawa kanta, Go ta bar ta daga 1.21, Qt 6 ma ba ta hawa. Wasu kwamfutocin kuma masu bit 32 ne. Je ka duba da idonka kafin ka rubuta layi ɗaya, gani ya kori ji. Abin da ke kan teburin makarantar shi zai zaɓa maka kayan aiki, ba abin da ake yayi ba.

Data da wuta fa? Kayan nan suna da nauyi.

Suna da shi. Visual Studio ta Microsoft da Xcode ta Apple, kayan rubuta kod da harhaɗa shi, kowanne gigabait masu yawa ne. Idan kompaila kaɗai kake buƙata a Windows, Build Tools ta fi cikakkiyar Visual Studio sauƙi. Mu mutum ɗaya ke saukewa, sauran su kwafa a filas ranar Asabar. Wajen jawo babban aiki, git clone --depth 1 zai kawo maka sigar yanzu ba tare da tarihin shekaru ba. Girka ccache don kada a sake harhaɗa abin da bai canja ba.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, Make da Ninja suna ci gaba daga inda suka tsaya. Amma fayil ɗin da ake cikin rubutawa lokacin da kwamfutar ta mutu yana iya zama guntu, ya jawo kuskuren da ba shi da kai ba shi da gindi. In ka ga haka bayan ɗaukewar wuta, goge foldar harhaɗawa ka sake. Nauyin harhaɗa wa kwamfutoci ukun kuma mu GitHub Actions muke bar wa, abin da ke fita daga datarmu gyaran da muka tura ne kawai.

Dole ne manhajata ta yi aiki a duka ukun?

A'a. Kuma gara ka rubuta a fili cewa Windows da Linux kawai kake tallafawa da ka jera tambari uku alhali ɗaya ba wanda ya taɓa kunna shi. Ƙa'idarmu ita ce kowace babbar manhaja sai tana da mutum mai ita, wanda yake aiki da ita kullum, zai kuma kunna sabuwar siga ya danna ko'ina kafin a saki. Lokacin da mai Mac ɗinmu ya tafi hidimar ƙasa, mun rubuta a shafin aikin cewa sigar macOS tana harhaɗuwa amma ba a gwada ta ba, har ya dawo.

Na kai rahoton matsala ga masu wata manhaja, wata biyu shiru.

Da yawa daga manhajojin da duniya ke tsaye a kansu mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da su, bayan sun taso daga aikin da ke ciyar da su. Wataƙila mutumin ba shi da Windows ko kaɗan, ba yadda zai ga abin da ka gani. Sauƙaƙa masa. Faɗi babbar manhajarka da sigarta, bit 32 ce ko 64, Intel ce ko ARM, wace kompaila, wane umarni ka buga. Kwafo saƙon kuskuren a rubuce, kada ka ɗauki hoton fuskar kwamfuta da waya, kuma ka kawo kuskuren farko, domin na ƙasa yawanci 'ya'yansa ne. In ka iya rage matsalar zuwa layi goma da kowa zai gwada, ka yi rabin gyaran.

Ni sabon shiga ne. Ta ina zan fara taimakawa?

Ɗauki wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja da kake amfani da ita, ka bi bayanin harhaɗawarta a kwamfutarka layi bayan layi, kana rubuta duk inda ka maƙale da abin da ya fitar da kai. Wannan rubutun gyara ne ga bayanin nasu, kuma masu aikin suna karɓarsa hannu bibbiyu, domin su sun daɗe da daina ganin wuraren da baƙo ke tuntuɓe.

In ta harhaɗu, ƙirƙiri folda mai suna 'Yan ɗaki, ka sa fayil mai suna ƙwaƙwalwa.txt a ciki, ka rubuta ɓarawo da Ɗanladi a cikinsa. Buɗe shi da manhajar, ka adana, ka nemi kalmar da babban harafi da ƙarami, sannan ka kai fayil ɗin kwamfutar abokinka mai wata babbar manhajar ka sake buɗewa. Abin da ya fito, zo mana da shi ranar Asabar bayan Azahar, mu rubuta rahoton tare.